Ɗigon Malam Tasi'u a Fadama

Duk rugagen da ke tsakanin Tudun Wada da bakin ruwan Tiga sun san Malam Tasi'u mai maganin dabbobi. Gajere ne, ga surutu, babur ɗinsa ma kan riga shi sallama. Ya tsufa a sana'ar, har 'yarsa ta fari, Ummulkhairi, a ruga ta yi aure, gidan Mainasara makiyayi. Da yake 'yar fari ce, bai taɓa kama sunanta ba, sai dai ya ce yarinyar nan.

Da wata ƙungiyar agaji ta kawo taswirar waya wadda kowa ke iya ɗiga wuri a kai, don a san inda mutane suke idan ambaliya ta zo, sai ka ce don shi aka yi ta. Rijiya, mashigin rafi, gadar da ta fara zaizayewa, duk inda ya tsaya sai ya zaro waya. Abokansa na kasuwar shanu suka riƙa tsokanarsa wai saura akurkin kaji. Rugar 'yarsa ya fara ɗigawa, da rani, can cikin fadama, har ya zaunar da ita ya koya mata a wayar mijinta.

Damina ta sauka, hanya ta zama taɓo, babur ya daina shiga. Cikin Agusta aka kwana aka wuni ana ruwa, rafi ya ɓalle. Malam Tasi'u ya kira layin Mainasara har ya gaji, ba ya shiga. Masu agaji suka ɗauko masunta daga Tiga, shi kuma ya faɗa kwalekwale yana nuna musu ɗigonsa.

Da hantsi suka isa. Babu ruga, babu saniya, sai jan ruwa da jinkar bukka guda tana juyawa. Malam Tasi'u ya miƙe cikin jirgin, ya buɗe baki ya kira sunan nan da bai taɓa kamawa ba har muryarsa ta dushe.

Abin haushin shi ne ya sani sarai makiyayi ba ya damina a fadama, da ciyawa ta fito yake kora shanu tudu. Amma ɗigon nan da ya sa da hannunsa ya tsaya masa a rai, ya manta ruga tashi take yi.

Wani masunci mai suna Bature, wanda ke riƙe da wayar masu agaji, shi ya taɓa shi, ya ce ga sabon ɗigo ya fito a bayan wani dutse, an rubuta rugar Mainasara ta damina. Ashe tun ranar da suka tashi Ummulkhairi ta ɗiga, rashin sabis ya riƙe shi, sai da ta hau dutsen da safen nan ya fito.

Suka same su ruwa ya kewaye su, gero ya jiƙe, amma har ɗan maraƙi yana nan. Malam Tasi'u ya zauna a kan turmi yana hamdala. Tun daga ranar, kowace ruga sau biyu yake ɗiga ta, ta rani da ta damina.

Bature kuwa bai iya riƙe baki ba. Ummulkhairi ta durƙusa ta miƙa wa mahaifinta ƙwaryar nono, tana danne dariya.

"Baba, an ce yau ka kira sunana."

"Ruwa na kira," in ji shi, ya kafa kai a ƙwarya don kada ta ga idonsa.