Ma'aunin Zafi a Ɗakinmu na Sukra

Shekara biyu ke nan da matata ta samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren hagu. Magana ta dawo mata, hankalinta garau yake, hannun dama yana aiki. Amma ba ta miƙewa sai an ɗaga ta. Muna zaune a ɗaki ɗaya a Sukra, wata unguwa a garin Sabha, can ƙuryar wani gida, rufin kwano, taga guda mai kallon bango. Ƴarmu tana aure can gida, a Damagaram. Sauran masu haya a gidan maza ne matafiya, yau ka ga mutum, gobe a ce ya yi arewa. Babu macen da zan roƙa ta riƙa leƙa ta.

Ni kuwa aikina a wata gona yake a kan hanyar Samnu. Ina ba dabino ruwa, ina kula da tumaki. Motar gonar takan ɗauke mu bayan asuba, ta dawo da mu dab da magariba. Tsakanin gonar da gari akwai shingen bincike biyu, kuma baƙo irina ba ya son ratsa su shi kaɗai da tsakar rana. Da aikin nan muke ci, da shi take shan magani.

Kafin in fita nakan yi mata wanka, in ajiye abinci da magani inda hannunta zai kai. Sai bidon ruwa, wato jarka, wanda na ɗinke da buhu kamar yadda muke yi in za mu keta sahara. Nakan jiƙa buhun sharkaf don ruwan ya yi sanyi. Daga nan in ja ƙofa. Wannan jan ƙofar ban taɓa sabawa da shi ba. A lokacin sanyi da sauƙi. Amma in bazara ta shigo Sabha, aka ɗauke wuta, ɗakin nan yakan koma kamar cikin tanda, ita kuma tana kwance a ciki, ni ina can ban san halin da take ciki ba.

Ina da shekara arba'in da tara na fara karatun boko, a wurin wani tsohon malamin lakwal, wato makaranta, ɗan Maraɗi da yake koyar da mu manya ranar Juma'a bayan la'asar. Abin da ya kai ni shi ne kwalayen maganinta, na gaji da neman mai karanta mini. Karatun ne ya sa na fara tsayawa a shagon wani Bakano mai gyaran salula a kasuwa, sa'ana ne, ina haɗa baƙaƙen da ke jikin kwalayensa. Wata rana na ga yana wasa da wani ɗan allo kore, bai fi akwatin ashana ba. Ya ce kwamfuta ce. Ya ce in ka haɗa mata abin da zai ji zafi ko motsi, za ta iya kunna fanka da kanta, har ta aiko maka saƙo a salula.

Na ce ya koya mini.

"Badamagare," in ji shi, "kai da jiya-jiya ka gane bambancin b da d, kai ne za ka haɗa kwamfuta?"

Na ce, "Nuna mini sau ɗaya. Abin da Bakano ya iya ai ba zai yi wuya ba."

Ya yi dariya har ya buge gwiwarsa, ya jawo mini kujera.

Wata uku ina koyo. Umarnin da ke cikinta shi ya rubuta a babbar kwamfutarsa, amma haɗin wayoyi da liƙin dalma ni na yi da hannuna. Na ƙona yatsu ba iyaka. Allon farko na kashe shi da kaina, na sa jar waya inda baƙa za ta shiga, sai wani ɗan hayaƙi da wari. Bakanon ya ce in je in yi masa salla tunda ni na kashe shi. Ban yi fushi ba, na sake wani. Na zana kowace waya a littafin karatuna, na rubuta inda ta fito da inda za ta. Na samu tsohon batirin mota da ƙaramin faifan sola, na ɗora a kan rufi, don kada abin ya dogara da wutar gari.

Abin da na fara haɗawa maɓalli ne. In ta danna, saƙo ya zo mini. Na ɗaure shi a gefen gado, na nuna mata. Ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, ni in kira ka da ƙararrawa? Yaron otel ne kai?"

Na ce ba kira ba ne, sanarwa ce. Ta ce to. Wata guda ba ta taɓa shi ba. Ranar da ta zamo daga gado ta wuni a ƙasa ma ba ta danna ba, alhali maɓallin yana reto kusa da kanta. Shekara ashirin da shida muna tare, ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa aika a kira ni daga wurin aiki ba, ko ranar haihuwa. Ni ne ban yi tunani ba.

Sai na ce bari in haɗa abin da ba ya jiran izininta. Bakanon ya ba ni ma'aunin zafi, wani ɗan abu shuɗi mai ƙananan ramuka, girman ƙwayar dabino. Na sa masa doguwar waya, na rataye shi a ƙusa daidai kanta, don ya ji zafin da take ji. In zafi ya kai talatin, fanka ta tashi. Kowace awa biyu saƙo ya zo mini da lamba. In ya kai arba'in, saƙo ya zo nan take. Wannan arba'in ɗin ni na rubuta shi da yatsana a kwamfutar Bakanon, yana tsaye a kaina. Ranar da fankar ta tashi da kanta babu wanda ya taɓa ta, matata ta yi salati, sannan ta ce, "Sannu injiniya." Na daɗe ban ji ta yi dariya irin ta ranar ba.

Da zafi ya kankama, saƙon arba'in ya fara zuwa. Na farko ina tsakar ban ruwa. Na yar da tiyo, na fita titi, na tsaya har wata motar tumaki ta ɗauke ni. Na same ta jiƙe da gumi, fankar tana kaɗa mata iska mai zafi. Na jiƙa zane na lulluɓa mata, na zauna ina mata fifita har la'asar. A mako biyu sau uku na yi haka. A na ukun, mudir, wato mai kula da gonar, ya kira ni gefe. Ba mugun mutum ba ne. Ya ce ruwan da na bari ya malale ya zubar da rabin tanki. Ya ce in na sake tafiya da rana, kada in dawo, akwai mutum goma a bakin titi suna jira. Da yamma na gaya mata, don ban saba ɓoye mata komai ba.

Daga washegari saƙon arba'in ya daina zuwa. Talatin da uku. Talatin da huɗu. Rana tana dukan mu a gona har ƙarfe ba ya taɓuwa, amma ɗakina talatin da uku. Na ce ai fankar ce, da tabarmar da na shimfiɗa a kan rufi. Na yi murna. Har na nuna wa abokan aikina, na karanta musu lambar da ƙarfi. In na dawo na tarar leɓɓanta sun tsage, idonta ya faɗa, sai in ce ciwon ne. Ma'aunin kuwa yana rataye a ƙusarsa yadda na bar shi. Kusan wata guda muka yi a haka.

A kowane saƙo lamba biyu ke zuwa. Ta farko zafi. Ta biyu ban taɓa tambaya ba, na ɗauka ta batir ce. Wata Juma'a na biya shagon Bakanon don in yi masa alfahari, na miƙa masa salula. Ya yi ta gangarawa cikin saƙonnin, sai ya ɗago.

"Badamagare, damina ake yi a ɗakinka?"

Na ce wace irin damina a Sabha.

"Wannan ta biyun danshin iska ce. Duba nan, da farko sha biyu, sha biyar. Yanzu tamanin da wani abu. Ko a Kano tsakiyar Agusta sai an yi ruwa ake ganin haka. Kifi kake kiwo a ƙarƙashin gado?"

Ya ga ban yi dariya ba, shi ma ya bari. Ya ce watakila ma'aunin ne ya lalace, ya ɗauko sabo zai ba ni. Na ce ya ajiye tukuna.

Da na koma gida na ciro ma'aunin daga ƙusa, na kai shi bakin ƙofa wurin haske. Ƙafafunsa na ƙarfe sun yi kore. A cikin ƙananan ramukan akwai zaren buhu. Na juya na dubi bidon ruwa da ke gefen gado.

Tana kallona tun da na shigo.

"Uwargida, a ina wannan abin yake wuni?"

"Inda akwai sanyi," in ji ta. "Shi ma ai yana jin zafi."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. In ka ja ƙofa sai in jawo shi in cusa a ƙarƙashin buhu. In na ji kiran la'asar in mayar. Da hannu ɗaya, kuma ban taɓa yar da shi ba. Ka yaba mini mana."

Na ce da wani abu ya same ta fa, ina can ina karanta wa mutane talatin da uku?

"To da ka sani, me za ka yi? Ka taho, su kore ka, mu zauna mu biyu muna kallon fanka? Wa zai sayi maganin?"

Haushi ya kama ni, ba nata ba, ban san na wa ba. Na ɗauko almakashi na yanke wayar, na rage tsawonta, na liƙa, na kafa ma'aunin a bango inda hannunta ba zai kai ba. Tana kallona har na gama. Guntun da na yanke na cusa a aljihu.

Ranar Asabar, ƙarfe ɗaya saura, salula ta yi motsi. Arba'in da ɗaya. Na tsaya da tiyo a hannu, na karanta sau biyu. Na dubi titi, na dubi mudir da ke zaune a inuwar mota. Na mayar da salula aljihu, na matsa gindin dabino na gaba. Ƙarfe biyu, arba'in da uku. Na ba tumaki ruwa.

Da na dawo ta ce, "Ya gaya maka?"

Na ce ya gaya mini.

"Me ka yi?"

"Na ba dabino ruwa."

Ta gyaɗa kai, ta juya fuska bango.

Kwana tara na yi a haka. Abinci ya daina shiga cikina. Na nemi ɗaki mai rufin siminti, ba a ba irinmu sai da wanda zai tsaya maka, kuma na kusa da kasuwa duk sun cika. Na tambayi direbobin Agadas ko za a iya mayar da ita gida. Wani ya dube ni ya ce kwana nawa a bayan mota cikin sahara, mai ƙafa biyu ma da ƙyar yake kaiwa. Bakanon ya yi ta lissafin na'urar sanyaya ɗaki, ya ce batirina ko minti ashirin ba zai riƙe ta ba. Babu abin da ya rage da waya da dalma za su gyara.

A rana ta goma rezo, wato layin salula, ya ɗauke tun safe. Saƙo ko ɗaya bai shigo ba. Na yi aikina, na ci abincin rana har na siɗe kwano, na ɗan yi gyangyaɗi a inuwa. Sai a mota, muna dab da shingen farko, na gane abin da ya faru da ni: na ji daɗin rashin sani. Kunya ta rufe ni har ban iya duban kowa ba. Muna shiga gari saƙonnin suka zubo gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, suna motsi a cinyata.

Na same ta da rai. Ta sha rabin bidon, abincin kuwa ba ta taɓa ba. Na ɗaga ta, na goge mata jiki. Ta fi da sauƙin ɗagawa, wannan ma na lura. Tana jingine a kafaɗata ta ce, "Malam, ka rame. Mayar mini da wayata."

Na ce zan yi tunani.

Ranar Juma'a ban je karatu ba. Na ciro guntun wayar daga aljihu, na kunna ƙarfen dalma, na haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, na naɗe da leda. Na sauko da ma'aunin, na rataye a tsohuwar ƙusarsa. Liƙin ya yi kyau, ya fi duk wanda na taɓa yi.

Saura wata biyu zafi ya sauka. Yanzu da asuba nakan jiƙa buhun fiye da da, in matso da bidon kusa da hannunta na dama, sannan in ja ƙofa. Jiya da azahar saƙo ya zo, talatin da uku. Na karanta, na mayar aljihu.