Ranar da Na Tsayar da Tirela a Tema

Maamobi, ƙarfe biyar da rabi

Maigidana, Baban Ramatu, ya yi shekara goma sha takwas yana tuƙa trotro, ƙaramar bas ta haya, tsakanin Nima da Circle. Bana ya ajiye ta, ya shiga makarantar koyon tirela a Tema, domin wani mai motoci ya yi masa alkawarin aikin kai kwantena Wagadugu idan ya kawo lasisi kafin ƙarshen wata. Ranar gwajin tuƙi ya fita bayan sallar asuba ko ruwan koko bai sha ba, mutumin da ke fama da gyambon ciki.

"Ki zauna gida ki yi mini addu'a," in ji shi daga bakin ƙofa.

Na ce to. Addu'ar kuwa na yi. Amma da na tuna hannunsa yakan yi rawa in yunwa ta kama shi, sai na zuba waakye, wato shinkafa da wake, da ƙwai biyu a kula, na yafa mayafi, na bi bayansa. Allah ya gani, alheri na nufa.

Nima zuwa 37

Ƙarfe shida da kwata na sami trotro mai zuwa tashar 37 a bakin kasuwa. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba sai da ta ci mana minti arba'in, don direban duk wanda ya sosa kunne a gefen titi sai ya tsaya masa. Na ce, "Haba ɗana, wasu fa sauri suke." Ya dube ni ta madubi ya ce, "Mma, idan kana sauri ka ɗauki tasi." Na ja carbi.

37 zuwa Ashaiman

Nan kuma motar ba ta tashi sai ta cika, saura mutum biyu. Muka zauna har bakwai da rabi. Matar da ke kusa da ni ta ɗora mini kwandon busasshen kifi a cinya ba ko sallama, ta ce "kafra", wai in yi haƙuri, ta kama barci. A kan babban titi taya ta yi faci. Muka sauka muka tsaya cikin rana, ni da kulata da warin kifin mutane a jikin zanena. Sai tara da kwata muka shiga Ashaiman.

Tema

Daga Ashaiman tasin haɗaka ta sauke ni a wata doguwar hanya ta bayan masana'antu. Mai gadin makarantar ya ce an riga an fara, ba a shiga. Ya nuna mini inuwar wata bishiya a gefen titi, ya ce ta nan motar gwaji take wucewa.

Goma saura kwata na hango ta, farar tirela, tana tafe a natse kamar amarya. Na gane hularsa tun daga nesa. Jama'a, zuciyata ta cika. Ban san lokacin da na tako bakin kwalta na ɗaga hannu ba, don kawai ya san ina tare da shi.

Sai na ji birki, fuuush! Tirela ta karkato gefe ba ko sigina, ta tsaya cak a gabana. Motar da ke bayansa ta kusa shigewa ƙarƙashin tirelar, direbanta yana ta zagi da yaren Twi. Baban Ramatu ya leƙo ta taga, hannu a waje, bakinsa har ya buɗe zai tambayi ina za ni. Sannan ya gane ni.

"Inna lillahi! Maman Ramatu?"

Mai gwajin da ke gefensa ya rufe fayil ɗinsa a hankali, ya ce masa ya juya su koma.

A bakin ƙofa na same su da malaminsa, wani dattijo Bazabarme da ake kira Masta Hamani. Maigida yana ta rantsuwa.

"Wallahi Masta ban san ita ce ba! Mace na gani da kaya ta ɗaga hannu, ƙafata ce ta taka da kanta."

"Ai gara ma a ce ka san ita ce," in ji Masta. "Wata uku ina gaya maka kwantena ba ta ɗaukar fasinja. In ka shiga Kumasi, kowace mai tallan burodi za ka tsaya mata?"

Na ce, "Masta, laifina ne, a gaya wa mai gwajin."

"Hajiya, ya riga ya rubuta cewa ya faɗi. Sai bayan mako biyu a sake gwaji." Ya yi lissafi da yatsu. "Kwana uku kafin ƙarshen wata. In ya sake faɗuwa, aikin ya tafi."

Masta ya dube ni ya ce, "Ranar Asabar ki dawo, ki tsaya daidai wurin nan, ki yi ta ɗaga masa hannu. Sai ya wuce ki sau goma bai taɓa birki ba zan yarda ya shirya."

Komawa

Tun daga Ashaiman har 37 haushinsa nake ji, ina jin haushin kaina. Sai da muka sauka Nima ana kiran la'asar ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Ke ma dai, na ce ki zauna gida."

"Na ji. Amma sauran matan Ghana fa, wa zai zaunar maka da su?"

Ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa.

Mun iso Maamobi lafiya ƙarfe huɗu da rabi, Alhamdu lillahi. Ina godiya ga Masta Hamani da bai kore ni ba. 'Yan'uwa mata, ku taya ni da addu'ar da ban taɓa zaton zan roƙa ba: mutumin da tun aurenmu bai taɓa wuce ni a hanya ba, Allah ya ba shi ikon wuce ni ranar Asabar, ko waiwaye kada ya yi.