Yayan Mai Kwalekwale

A bayan garin akwai wani dutse mai faɗin kai, a samansa kuma akwai kangon tsohuwar ganuwa da hasumiyar tsaro wadda rabinta ya zube. Mutumin da ke raka baƙi can sama Rediyo kowa ke ce masa, domin daga gindin dutsen har ƙololuwa bakinsa ba ya hutawa. A hannun mahaifinsu ya gaji aikin tun yana saurayi. Ya san inda ake dafa ƙafa idan ruwan sama ya jiƙa duwatsu, ya san inuwar da ake tsayawa a mayar da numfashi, ya san ƙananan tagogin da masu tsaro na da suke leƙen abokan gaba ta ciki. Abin da bai sani ba kuwa sai ya cike da nasa, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙara.

Ƙanensa guda ne, autan gidansu, mutum ne da ba ya son hawa, ba ya son magana. Shi Auta tafkin da ke can ƙasa ya zaɓa. Yana da wani shuɗin kwalekwale da yake tsallakar da manoma safe da yamma, in an sami baƙo mai son zaga ruwa ya zaga da shi. Shekara da shekaru tausayinsa Rediyo yake ji. In sun haɗu yakan dafa shi ya ce, "Auta, kai dai Allah ya ba ka kafaɗu. Amma sana'ar baƙi da baki ake yin ta." Auta sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Yaya."

Wata shekara hukumar garin ta share hanyar ƙafa wadda ta taso daga tasha, ta ratsa kurmi, ta bi bakin tafki, sannan ta hau dutse. Aka kafa bencuna da allunan nuna hanya. Rediyo ya yi murna har ya ɗinka sabuwar riga, ya sa aka goge masa sandarsa. Hukumar ta turo wata mai ɗaukar hoto, ta wuni tare da shi a sama. Ya tsaya a ƙofar hasumiya, ya tsaya a kan ganuwa yana nuna nesa da sanda, ya ba ta tarihin wurin har sai da ta ce ruwan gorarta ya ƙare. Da rana ta yi sanyi ta gangara tafki, ta ce za ta wanke fuska kawai.

Ranar da aka kafa babban allon tallan hanyar a mashigar gari, Rediyo ya je da matarsa da 'yarsu. Aka yaye ƙyallen da ya rufe shi. Hoton Auta ne a jiki, ya ba da rabin baya, filafili a hannu, rana na faɗuwa a kan ruwa. Dutsen yana can baya a kusurwa, ɗan mitsitsi kamar ƙurji.

"Kai, wallahi Auta ya yi kyau," in ji matarsa.

"Ai ko fuskarsa ba a gani," in ji Rediyo.

"Shi ya sa ya yi kyau ɗin, Baba," in ji 'yar, tana ɗaga waya tana ɗauka.

Daga ranar ya daina bin wannan titin. In zai je kasuwa sai ya zagaya ta bayan makaranta, ya ce wai hanyar ta fi inuwa.

Baƙi suka yi ta zuwa, mota bayan mota. Amma da yake tafkin ne a gaba, can suke zubar da ƙarfinsu da nishaɗinsu. Waɗanda suka iso gindin dutse sukan ɗaga kai su dubi hawan, su dubi juna, su juya. 'Yan kaɗan da suka daure suka hau, kafin ya gama labarin yadda aka gina ganuwar sai wani ya katse shi: "Malam, wai kai ne yayan mai kwalekwalen nan?" Mutumin da garin nan kaf aka sani da sunansa, yau ya koma yayan wani. Abin takaicin kuma, daga saman dutsen ba abin da ake gani tar kamar tafkin. Yana cikin magana idonsa zai zame ya sauka a kan layin mutanen da ke jiran Auta, sai ya manta inda ya tsaya a labarin.

Wata rana wani baƙo ya ce za su sauka da wuri don su sami shiga ruwa. Rediyo ya gyara murya ya ce, "To, ku dai kula da hannuwanku. An ce akwai kada a ciki, wani ƙato, tsoho." Bai shirya faɗin haka ba, fitowa kawai ta yi. Da ya ga matar baƙon ta zaro ido, sai ya ji wani sanyi a ransa. Washegari ya ƙara wa kadan tsawo. Kafin mako ya zagayo kadan ya cinye akuya.

Sai mutane suka ninka. Har daga garuruwan nesa ake zuwa ganin kada.

Rannan da hantsi yana zaune a bakin hasumiya ba baƙo ko ɗaya, sai ga Auta ya ɓullo yana haki. Rabonsa da hawa dutsen tun mahaifinsu na da rai.

"Yaya, an ce kai ka ce akwai kada."

"Cewa na yi an ce."

"To mutane suna ta tambayata. In na ce babu, sai su yi dariya su ce ɓoyewa nake yi." Ya zauna ya share gumi, sannan ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu ya ajiye a gefensa. "Wani likita ne ya shiga kwalekwalena, na ce masa gwiwarka na damunka. Ya ce ka riƙa shafawa."

Da zaginsa ya yi, da Rediyo ya san abin da zai mayar. Ya ce, "Wa ya ce maka gwiwata na ciwo?" Auta ya ce, "Daga ruwa ina hango yadda kake saukowa." Wannan maganar ta fi komai ƙona shi. Maganin ya yi aiki kuwa, wannan ma bai yafe ba.

A ranar hutunsa ya ce sai ya gano abin da Auta yake yi wa mutane. Ya bi layi kamar kowa, ya shiga ya zauna a tsakiyar baƙi. Auta ya ce, "Sannu, Yaya," ya tura kwalekwalen. Shi ke nan. Ba labari, ba barkwanci. Filafili na shiga ruwa yana fita, tsuntsaye na tashi daga ciyawa, mutane sun yi tsit kamar an ɗaure musu baki. Wata dattijuwa ta lumshe ido ta ce, "Rabona da jin irin wannan shirun na manta."

Rediyo ya daure, ya daure, ya kasa. Ga hasumiyarsa can sama rana ta haska ta, ba mai ko kallonta. Ya miƙe tsaye ya nuna ta da hannu: "Jama'a, kun ga wancan ginin..."

"Yaya, zauna."

"...daga can ne masu tsaro suke..."

Kwalekwalen ya karkata. Sai ji aka yi tsundum. Wata mata ta kurma ihu, "Kada! Kada zai cinye shi!" Shi kansa Rediyo, da ya san sarai inda kadan ya fito, sai da ya ji wani abu ya shafi ƙafarsa ya ƙwala ƙara. Auta ya miƙa hannu ɗaya ya damƙo wuyan rigarsa ya ɗago shi. Ruwan ma iya ƙirji ne. Wani daga cikin baƙin ya ɗauki abin a waya tun daga farko har ƙarshe, ya watsa wa duniya.

Kwana biyu bai fita ba. Da ya koma aiki sai ya tarar da taro a gindin dutse, ana jiran mutumin da ya faɗa ruwa. Suka bi shi har sama suna dariya, ya ba su tarihin ganuwa, suka saurara, sannan suka roƙe shi ya ba su labarin faɗawar. Ya bayar. A bakinsa ruwan ya yi zurfin gaba biyu, Auta kuma ɗan taimako kawai ya yi. Ya sami mutane fiye da da, amma ya san ta inda suka biyo, kuma abin bai daina ci masa rai ba.

Da gwiwoyin suka ƙi gaba ɗaya, ya koma zama a benci a gindin dutsen, yana ba masu hutawa labari, masu ƙarfi su hau su kaɗai. Auta ya sha ce masa ya zo ya zauna a kwalekwale ya riƙa yi wa baƙi bayani. Ya ce shi ba ɗan haya ba ne.

Bara aka yi wa Auta aiki a kafaɗa. Rediyo ne ya fara isa asibitin, da sandarsa da ledar lemo, kuma shi ya wuni a kan kujerar da ke gefen gadon. Ɗakin ya cika ya batse: manoman da Auta yake tsallakarwa, direbobin tasha, ma'aikatan hukuma, har da mai ɗaukar hoton nan. Rediyo ya gyara wa ƙanensa matashi, ya ba shi ruwa a baki, ya kori masu surutu, yana yi yana bin kowace fuska da kallo.

Da ya dawo gida ya zauna yana cire takalmi, ya ce wa matarsa, "In ni ne na kwanta, ko rabin mutanen nan ba za su zo ba."

Ta ce, "Auta zai zo."

Ya ce, "Zai zo mana. Ya zauna ya yi shiru, a tashi a ce duk ya fi kowa iya jinya." Ya tura takalmin ƙarƙashin kujera. "Ki tashe ni da wuri, na ce masa zan kai masa bargo."