Ranar da Labbo Ya Nuna Bello

Ranar Talata ce, lokacin ban-ruwan albasa. Na tashi da asuba na dama koko. Maigidana Bello ya sha a tsaye, ya saɓa fartanya ya nufi fadama. Mahaifinsa, wanda duk muke kira Baffa, yana bakin zaure yana tufkar igiya. 'Yata Sa'a tana goye a bayana, ga kuma ciki ya fara nauyi. Ƙauyenmu yana ƙasar Shagari, ba nisa da Kajiji.

Da hantsi muka ji ƙugin mota. Mota ba ta zuwa ƙauyenmu. Kaji suka watse, masu daka suka tsayar da taɓare. Mun daɗe muna jin labarin Turawa na yaƙi, kuma an ce kowane gari ya ba da majiya ƙarfi. Sai ga 'yan doka sun diro da bulala da igiya. A gabansu akwai Labbo, baran mai gari. Labbo ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan fadamarmu. Ya nemi Baffa ya bar masa ita, Baffa ya hana.

Bai tsaya gidan kowa ba. Kai tsaye ya ja su fadama. Na bi su a guje. Bello yana cikin laka har gwiwa. Labbo ya ɗaga hannu ya nuna shi.

"Ga shi nan! Ku kama shi!"

Suka kayar da shi a kan kunyar albasa. Suka ɗaure shi ta baya. Baffa ya iso yana haki, ya riƙe ƙafar babbansu yana roƙo. Aka buge shi da kulki a ƙeya. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Bello ya yi kururuwa, aka tura shi mota. Abin da ya iya ce mini ke nan: "Hajo, riƙe Sa'a!"

Baffa ya cika kafin azahar. Muka rufe shi da la'asar. Ba a gama watsewa ba Labbo ya dawo da samari biyu. Ya ce gidan da ya yi wa hukuma taurin kai ba zai kwana a tsaye ba. Ya cinna wa rumbunmu wuta da hannunsa. Gero yana fashewa a ciki kamar ana tafi. Maƙwabta suna leƙe ta danga, babu wanda ya fito. Labbo ya juyo ya daka mini tsawa.

"Hita! In na iske ki gobe, ke ma wuta!"

Na fita ta bayan gida da zane ɗaya da Sa'a. Na bi ta gonaki, na guje wa hanyar mota. Wata Bafillatana ta ba ni nono da wurin kwanciya a rugarsu. Washegari da rana tsaka mara ta murɗa mini. Na durƙusa gindin wata tsamiya. Nan cikin ya zube. Namiji ne. Na tona rami da tsinken ice, na rufe shi, na ɗora dutse saboda karnuka. Sa'a tana zaune tana wasa da ƙasa. Na sake goya ta. Da rarrafe da dafa itatuwa na isa Bodinga, gidan kawuna.

Shekaru suka wuce ba labari. Labbo ya shuka albasa a fadamarmu. Nakan gan ta a kasuwar Bodinga, manya jajaye, in kau da kai.

Bayan yaƙi ya ƙare wani mutumin Mandera mai suna Garba ya yi sallama gidan Kawu, sanye da tsohuwar rigar soja. Tare da Bello aka kai su ƙasar Bama, can gaba da Indiya, sojan ƙasa. Ya ce sun yi tafiya cikin kurmi inda ruwa ba ya ɗaukewa, matsattsaku na shan jininsu. Ya ce ranar da aka yi musu kwanton ɓauna, Bello ne ya saɓo shi a kafaɗa ya haye kogi da shi. Harsashi bai taɓa Bello ba. Sai da aka daina harbi, suna Indiya suna jiran jirgin da zai maido su, atuni ya kama shi. Ya rame har Garba yana ɗaga shi da hannu ɗaya. Yana ta tambaya ko na sauka lafiya, mace ko namiji. Ya rasu ana saura kaɗan jirgi ya zo.

Ban yi kuka gaban Garba ba. Na shiga ɗaki na yi alwala, na kai ƙarar Labbo inda ba a ba da toshiya. Kullum nake kai ta, bayan kowace salla.

Shekarar da aka sami 'yancin kai aka aiko mini Labbo yana kwance, ɓarin jikinsa ya mutu, yana neman gafarar mutane. Kawu ya ce in yi haƙuri in je. Na je. Na same shi kan tabarma, yawu na zuba ta gefen baki, ƙudaje sun rufe shi.

"Hajo, don Allah ki yahe mini."

Na durƙusa dab da kunnensa don kada kalma ta ɓace masa.

"Tashi ka tai Indiya ka biɗo kabarin Bello. In ya yahe ma, ni ma na yahe."

Ya bi ni da ido. Matansa suka yi salati. Na karkaɗe zanena na fito. Ya mutu a makon, ban je gaisuwa ba.

Baffa yana maƙabartar ƙauye. Yaron yana gindin tsamiya a hanyar Bodinga, bai sami suna ba. Bello kuwa, har Garba ya mutu bai iya tuna sunan garin da suka binne shi ba.