Duwatsun Da Na Jera a Ƙofar Motata

Ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana bisa kaina, akwai rana guda da ba za ta goge daga zuciyata ba: ranar da ƙarti ashirin da 'yan kai, ƙafa ba takalmi, suka ɗauko motata kamar gawa suka fito da ita daga gidana. Shekaru sun ja, amma har gobe in na ga an jera duwatsu a bakin hanya sai gabana ya faɗi.

Gidana a Magaria yana jikin kasuwa, kusancin da in mai barkono ya kwance buhu, mu ke yin atishawa. Shekarar da gujiya ta yi mini kirki na sayo wata 'yar tsohuwar mota daga Damagaram, wadda ƙararta kan riga ta shiga gari. Don girmama ta na sa magini ya fasa katangar yamma, aka kafa babbar ƙofar ƙarfe tata ita kaɗai, mu kuwa muna shiga ta zaure a gefen kudu. Daidai gaban ƙofar nan akwai wani dogon yaro mai inuwa kamar ta gidan gwamna.

Inuwar nan ce ta ja mini. Duk ranar kasuwa, motocin Mallawa da na Dogo-Dogo da manyan kamyo daga Najeriya ba su ganin wurin tsayawa a duk faɗin gari sai bakin ƙofata. In na fito na yi magana, amsar guda ce kamar a lakwal ɗaya aka koya musu: "Minti biyu kawai, Alhaji!" Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Minti biyun direba kuwa, na rantse na taɓa ganin kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashin wata kamyo, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe, kafin su cika.

Babu abin da ban gwada ba. Na sa aka rubuta gargaɗi da jan fenti a jikin ƙofar, da Faransanci da Hausa. Wani ya zo ya tsaya daidai kan rubutun, da na nuna masa ya ce ai bai gani ba, mota ta kare. Na ajiye tsofaffin tayoyi, bayan kwana uku na gan su a ƙafafun mutane an yanka takalma. Na jawo kututture, mai ƙosai ta faskare shi. Na yi tunanin sare itacen, aka tuna mini da ma'aikatan gandun daji. Ranar da na fito da kujera da gora na zauna da kaina, wani direba ya faka a gabana, ya miƙo mini makulli ya ce, "Mai gadi, a kula da ita."

Wata rana a tasha na lura da wani abu. Motoci sun cushe, ko akuya ba ta da wurin juyawa, amma ga wani ɗan fili fes, babu tayar da ta taɓa shi. Ba komai ba ne a wurin sai duwatsu da aka jera, da ɗan lanƙwasa ta gabas, alamar wurin salla. Direban da ba ya tsoron jandarma, ba ya tsoron rami, ba ya tsoron uwarsa, in ya zo nan sai ya taka birki. Na tsaya ina kallo, Shaiɗan yana yi mini tafi.

Ranar kasuwa da sassafe na kwaso duwatsu na jera a gaban ƙofar. Da yake ƙofar yamma take kallo, lanƙwasar liman ta faɗa daidai jikin ƙarfen. Na share wurin, na shimfiɗa tabarmi biyu, na ajiye butoci. Shirina, da yamma in kasuwa ta watse in kwashe kayana. Uwargida ta leƙo ta ga aikin, ta riƙe haɓa.

"Malam, ka ji tsoron Allah."

Na ce, "Ai tsoron nasa nake so direbobi su ji."

Kuma suka ji! Kamyo ta farko ta taho da hayaƙi kamar za ta shiga ɗakina, ta ci birki, ta ja da baya. Direban ya leƙo ya ɗaga mini hannu: "Allah ya ba da lada, Alhaji!" Ranar nan har azahar ƙofata fayau, ina zaune ina jin kaina kamar wanda ya ƙirƙiro wutar lantarki.

Ana gab da kiran salla sai ga amalanken shanu daga Yekuwa, a bisansa surukina, mahaifin uwargida. Dattijo ne mai ilimi, yanar ido ta rufe masa gani har sai an ja masa sanda. An rubuta masa takardar ganin likitocin ido a Damagaram nan da sati uku, ni kuma tun a wani suna na cika baki gaban duk mutanen ƙauyensu cewa a motata zan kai shi. Sai ya ga ya fi ya zo da wuri ya jira a gidan 'yarsa. Wanda ya san surukuta ya san matsayina: mutumin da ko ruwa ba na sha a gabansa, ban taɓa haɗa ido da shi ba tun lokacin da idon yake gani.

Yana sauka sandarsa ta ci karo da dutse. Ya shafa, ya bi layin, ya ce, "Mene ne nan?"

Kafin in buɗe baki, maƙwabcina tela, wanda shagonsa ke kallon gidana kuma ya ga duk abin da na yi tun safe, ya taso da murmushin mugunta. "Ai surukinka ne ya yi wa Allah masallaci, Baba. Shi kaɗai, da hannunsa."

Tsohon nan ya sake shafa dutsen. Sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Shekara ashirin ina cewa na ba mai wasa 'yata. Ashe bawan Allah ne yake ɓoye kansa. Ɗana, ka yafe mini zato."

To ku gaya mini, a nan wane baki zan buɗe? Tela ya toshe kunne ya rangaɗa kiran salla, shi da sai an tayar yake shigowa sahu da gudu. 'Yan kasuwa suka taru, aka tura surukina gaba. Ni ina sahun farko, hancina na kallon ƙofata, ta wata 'yar huda ina hango fitilar motata tana kallona. Allah ya yafe mini waccan salla.

Na ce ba komai, da yamma in kwashe. Ina! Dattijo ya samu wurin zama. Tun asuba yana kan tabarmar nan da carbinsa har a yi isha'i, a nan ake kai masa fura, a nan yake karɓar gaisuwa. Ƙarfen da ke gabansa kuwa ya ɗauka bango ne. Duk unguwa an san gaskiya, amma babu wanda ya tanka. Rabi don ganin girmansa, rabi don su ga yadda zan ƙare. Butoci suka zama takwas, wata tsohuwa ta kawo randa. Ni mai mota na koma hawan kabu-kabu, in na wuce tela ya ɗago kai daga kan keke ya ce, "Mai masallaci, a sauka lafiya!" A cikin gida kuwa uwargida kullum ta wuce motar sai ta shanya zane a kanta tana 'yar waƙa.

Ana haka na tafi Dogo-Dogo sayen gujiya, kwana biyu kacal. Na dawo na tarar wani mai goro daga Najeriya, da ya yi la'asar a wurin ya ji daɗin inuwa, ya ba da siminti da bulo sadaka. An zagaye duwatsuna da gini har gwiwa, an zuba farin rairayi. Har an fara gardamar wane fenti za a shafa. Mutane suka yi ta miƙo mini hannu suna barka, ina amsawa da "amin".

Na lallaba ta wurin uwargida ko Baba zai yarda a shiga motar haya. Ta dawo da amsa: tun ranar da ya yi tafiya da ragon wani a cinyarsa ya yi rantsuwa ba zai sake shiga motar haya ba, kuma ya riga ya gaya wa duk Yekuwa motar ɗansa za ta kai shi. In ba ita ba, ya haƙura da idon. Likitocin kuwa ba kullum suke zuwa ba, wanda ranarsa ta wuce sai ya jira wani zagayen.

Ranar tafiya, da aka sallame asuba gari ya yi haske, dattijo ya sa babbar rigarsa, takardar likita a aljihu, ya ce, "To ɗana, a fito da mota." Jama'a ba wanda ya tashi. Tela har da gyara zama.

Na durƙusa, ina kallon rairayi. "Baba, wannan bangon da kake fuskanta, ba bango ba ne. Ƙofa ce."

"Ƙofar me?"

"Ta mota."

"Motar tana ina?"

Tela ya ce, "Tana bayanta, Baba. Sati uku ke nan ba ta rasa jam'i ba."

Dattijo ya miƙa sanda ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya ji ya yi ƙara. Ya ce, "To da ka yi masallaci a nan, ta ina ka yi niyyar fita?"

Sai na zazzage komai: kamyo, minti biyu, tayoyi, mai ƙosai, tasha. Ina magana ina jin gumi na bin bayana kamar an tsiyaya mini buta.

Da na gama, dattijo ya ce, "Wato mu dodon gona ka kafa, muna kore maka tsuntsaye." Wani ya yi tari don ya danne dariya. "Niyyarka, kai da Mai duka. Amma goshin Musulmi ya taɓa ƙasar nan sati uku, ba da wasa ba. Bulo ɗaya ba za a cire ba."

Wani mahauci ya kawo shawarar a jingina katakai motar ta hau ta wuce. Dattijo ya girgiza kai. "Tayoyin da suka taka kashin jakin kasuwa? Kai kana cire takalminka, ita za ta shigo da nata?"

Rana na hawa, Damagaram na nisa. Sai tela, Allah ya isa tsakanina da shi, ya ce, "To a ɗauke ta mana."

Haka kuwa aka yi. Aka kirawo 'yan dako daga kasuwa, da mahauta, da mai shayi da duk masu shan shayinsa. Kowa ya tuɓe takalmi. Aka buɗe ƙofar ta ciki, aka kewaye motar. Na yi wuf zan shiga in riƙe sitiyari, tela ya ja mini riga: "Fito, kai ka fi injin nauyi." Aka yi bisimilla, aka ɗaga. Ta tashi tana lilo, maza na nishi, jijiyoyin wuya a waje, surukina da ba ya gani yana tsaye da sanda yana ba da umarni: "A yi dama! Kada ta taɓa ƙasa!" Wata mai fura da ta ɓullo ta kwana ta ga taron maza ba takalmi sun ɗauko abu daga gida suna salati, ta dire ƙwarya ta ɗora hannu a ka: "Inna lillahi! Wa ya rasu?" Mai shayi, daga ƙarƙashin taya, ya ce, "Mutuncin maigidan!" Dariyar da ta kama mutane saura kaɗan a saki motar a kan tabarmar liman.

Aka dire ta a kan hanya. Ta yi tari uku ta tashi, muka isa Damagaram a kan lokaci. Duk tsawon hanya Baba yana ta jan carbi. Aka yi aikin ido lafiya. Bayan kwanaki muka dawo, ya sauka ba mai ja masa sanda, ya tsaya gaban masallacin ya daɗe yana kallon jan rubutun da ke jikin ƙarfen. Sannan ya fashe da dariyar da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba, har ya dafa itace. Ya ce, "Lallai ƙofa ce! Ɗana, kai ka ara wa Allah fili, kana zaton zai mayar?"

Da yake babu mai sake ɗaukar mota a kafaɗa kullum safe da yamma, sai na duba inda zan ajiye ta. Wuri guda ne ya rage, bakin shagon tela. Ban gama kashe ta ba ya fito da almakashi a hannu. "Mai masallaci, ba ka ga ƙofa ba ne?" Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce, "Minti biyu kawai." Minti biyun nan sun kai ni wata huɗu, kafin in fasa katangar baya. Washegarin da na fasa kuwa na tarar da motar wani da ya zo salla ta tare sabuwar ƙofar, don ba shi da halin tsayawa gaban masallaci.

Yau wurin yana da rufin kwano da lasifika, tela ne ladan, kuma in baƙo ya tambaya sai a ce ai masallacin mai gujiya ne. Nakan sunkuyar da kai in wuce sahun baya. Abin da na koya shi ne, in za ka tsare ƙofarka, tsare ta da gorarka ko da bakinka, kada ka jawo sunan Allah ka yi shinge da shi. Direba dai komai daɗewa zai zo ya janye motarsa. Abin da ka ce na Allah ne kuwa, ko da wasa ka faɗa, ya tsaya ke nan.