Baƙin Dutsen da Ya Faɗo a Gonar Gyaɗarmu

Da hantsi ne, tsakiyar damina, a gonarmu ta gyaɗa da ke wani ƙauye a ƙasar Taura. Baba yana noma, ni kuma na kawo masa fura na zauna a gindin kanya. Sama fes take, babu ko alamar hadari. Sai muka ji ruri can nesa kamar tsawa, wani abu ya keto iska yana fito, ya daki ƙasa a tsakanin kunyoyi.

Baba ya yar da fartanya ya ce in kwanta. Ya ɗauka harbi ne. Da muka ji shiru ya yi yawa, muka lallaɓa muka je. Rami ne mai zurfin kamu guda, a cikinsa wani baƙin dutse kamar ƙaramar gwanda, bayansa sumul kamar an shafe shi da kwalli. Baba ya zungure shi da ƙota, ya dubi sama, ya dube ni.

"Wa ya jefo wannan?"

Babu kowa a kusa. Ƙasarmu kuma rairayi ce, sai ka nufi garin Dutse kafin ka ga tsauni.

Muka kai shi gida a buhu. Inna ta ce ba za a shigo mata da abin da ba a san asalinsa ba, sai aka ajiye shi a zaure. Baffa, ƙanin Baba, wanda ke da makarantar allo a ƙofar gidanmu, ya daɗe yana jujjuya shi. Ya ce ya san taurarin da ake jifan shaiɗanu da su, amma bai taɓa karanta cewa ana tsintar ɓurɓushinsu a gona da rana tsaka ba. Ya ce Allah ne masani.

A shekarar na gama sakandare, don haka ni aka juyo ana kallo. Na ce malaminmu ya taɓa gaya mana cewa tsakanin duniyoyin Mirrihi da Mushtari akwai tarin duwatsu masu kewaya rana, wani lokaci ɗaya yakan ɓalle ya faɗo duniya. Baffa ya gyaɗa kai, don ya san sunayen a littattafan falaki.

"To 'yata, me ke riƙe da sauran, har wannan kaɗai ya suɓuce?"

Na fara bayani na sarƙe. Baba ya ce in nuna masa ta inda Mushtarin yake. Na ɗaga hannu sama, sai na tuna an ce mana ƙarƙashin ƙafafunmu ma, bayan ƙasa, sararin ne. Na tsaya da hannu a sama ban san inda zan nuna ba. Na ci wannan tambayar a jarrabawa, amma ban taɓa zaton abin ya shafi gonarmu ba.

Kafin la'asar zauren ya cika. Wani ya ce ɓangaren tauraron ɗan Adam ne. Wani ya ce daga jirgin alhazai ya faɗo. Wata tsohuwa ta roƙi a kankaro mata kaɗan ta jiƙa wa jikanta mai farfaɗiya, Baffa ya hana, ta tafi tana ƙunƙuni.

Bayan 'yan kwanaki ni da Baba muka kai shi Dutse, wurin wani ɗan uwan Inna da ke koyar da kimiyya, a unguwar Yalwawa. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kanga masa maganaɗisu, ya ɗan kama.

"Yaya, yana iya zama daga sama yake," in ji shi. "Amma sai an yanka shi an aika ɗakin gwaji kafin a tabbatar."

"In an tabbatar, sai me?" in ji Baba.

"Sai mu san ya girmi duk tsaunukan garin nan."

Baba ya leƙa ta taga ya dubi tsaunukan, ya mayar da dutsen cikin buhu. Bai yarda a yanka ba, bai kuma faɗi dalili ba. A mota ya ɗora shi a cinya har muka iso gida.

Dutsen ya yi shekara da shekaru a lungun zaure, mutane suka daina tambaya. Da aka rushe zauren za a sake shi da bulo, ina makarantar gaba da sakandare a lokacin. Na dawo na tarar babu dutsen. Maginan suka ce duk dutsen da suka gani sun zuba a harsashin gini, ba su lura da wani baƙi ba. Baba ya zagaya sabon zauren yana duban ƙasan bango, ya tambaye ni ko ina ganin ta wane ɓangare yake. Na ce ban sani ba.