Gwadabe, Kwana Goma a Gaɓar Teku Ban Taɓa Ruwa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 8 ga Oktoba, 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran aminina Malam Gwadabe, babban bakaniken injina a wata masana'antar jima da ke Chalawa, bayan jinyar kwana uku. An yi masa sutura a Na'ibawa bayan sallar azahar.

A wurin zaman makoki na ji matasa suna faɗa wa juna cewa marigayi bai daɗe da dawowa daga Turkiyya ba. Bari in gyara, tunda gyara aikina ne. Ankarar da muka je ita ce babban birnin Gana, haka iyayenmu fatake suke kiransa. Kuma a mota muka je, tsohuwar Fijo ɗinsa, ni da shi.

Gwadabe, ka tafi ina fushi da kai, ban kuma nemi yafiyarka ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Shekara ashirin da biyu ina koyar da labarin ƙasa a Sharaɗa. Na zana teku a allo ba iyaka, na kwatanta wa 'ya'yan ma'aikata yadda igiyar ruwa take tasowa, alhali ban taɓa tsayawa a bakinsa ba. Kai ka sani. Kai ne ma ka ce, "Malam Ɗayyabu, wannan dogon hutun zan kai ka ka tsoma ƙafa, ka daina yi wa yara ƙarya." Muka tsara: Legas, Kwatano, Lome, Ankara, mu gaisa da abokanmu da suka watse tun da masaƙu suka rufe.

Ranar tafiya na zo da jakata, na tarar babu inda zan ajiye ta. Ashe ka bi masallatan Juma'a kana shelar za ka yi tafiya, duk mai ɗan'uwa a can ya kawo saƙo. But ɗin mota cike da kilishi, daddawa, yaji, atamfa, har da keken ɗinki. A cinyata na riƙe jakar har Legas.

A Legas na hango ruwa daga kan gada, ka ce mai keken ɗinki yana jira a Agege. A Kwatano ka tarar injin niƙan mai masaukinmu ya lalace, ka tuɓe riga, yini guda ina miƙa maka sifana. A Lome har ƙarar tekun nake ji daga inda muka tsaya, na ce minti goma kacal, ka ce, "Ruwa ne fa, Malam. Ina zai je?"

Rana ta ƙarshe a Ankara muka ware don teku, da rantsuwa. Sai ka zaro wani ƙullin leda da wata tsohuwa, Gwaggo Maimuna ta Hotoro, ta ba ka. Abin da aka rubuta a jiki kawai shi ne, "Lawan, Ankara." Ba lambar waya, ba sunan unguwa. Ɗanta ne, tsohon ma'aikacin masaƙa a Bompai, shekara goma sha huɗu ba ta ji muryarsa ba. Muka bi zango, unguwannin Hausawa, masallaci-masallaci. Lawan bakwai aka nuna mana, har da wani Bazabarme da ya nace saƙon nasa ne. Ana dab da magariba muka samu na takwas yana wankin mota. Ya kwance ledar, ashe garin kuka ne da yaji, dakan hannun mahaifiyarsa. Ya shinshina, ya zauna a ƙasa. Kunya ce ta hana shi kira, don bai zama komai ba. Ka danna lambar Gwaggo Maimuna, ka kanga masa wayarka a kunne, ka ja hannuna muka ba shi wuri.

Abin kirki ka yi, na sani tun a lokacin. Amma da asuba muka kamo hanya, tun daga can kuma har Kano ban yi maka magana mai tsawo ba. Makonni shida ina amsa gaisuwarka a taƙaice. Ka zo ƙofar makarantarmu sau biyu, na aiko a ce ina aji. Ni da nake tara ɗalibai ina yi musu nasiha a kan gaba!

Da na je gaishe da maiɗakinka, Hajiya Atika, na kasa haɗa ido da ita. Ita ta fara magana. Ta ce, "Malam, ku kwantar da hankalinku. Ya ce ku ne da gaskiya. Ya ce baɗi zai mayar da ku, ku biyu kawai, ba saƙon kowa." Sai ta sa 'yarka Hadiza ta shiga ɗaki, ta fito da ƙulli biyu. Har ka riga ka karɓi saƙon mutane, Gwadabe! Wata goma kafin tafiya. Ɗaya ma babu suna a jiki.

Suna gidana yanzu, ni zan kai su, kuma Allah kaɗai ya san masallaci nawa zan zaga. Na yafe maka, ina kuma roƙon Allah ya sa da gaske ka tafi ba ka riƙe ni ba. Wanda duk yake amsa gaisuwar amininsa a taƙaice, ya gwada zuwa ƙofar gidansa yau bayan la'asar ya yi sallama, tun akwai mai amsawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Atika, da Hadiza da ƙannenta, da abokan aikinsa na Chalawa. Allah ya jiƙan Malam Gwadabe, ya yalwata masa kabarinsa, ya sada shi da rahamarsa kamar yadda ya yi ta sada mutane da 'yan'uwansu. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.